Ɗan ƙasa a takarda, baƙo a garin da aka haife shi

Waɗanda suka tsara kundin mulkin 1979 sun ga yaƙin basasa da idonsu. Shekara biyar da ajiye makamai, a 1975, Janar Murtala Muhammad ya kafa musu kwamiti ƙarƙashin Rotimi Williams, kuma babban abin da ke ransu shi ne kada a koma siyasar da kowace jam'iyya ke da yankinta. Yawancin abin da suka shimfiɗa yana nan a kundin 1999.

Sashe na 134 ne na fi jinjina wa. Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya sa mutum ya zama shugaban ƙasa, sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Ke nan dole ɗan takara daga Kano ya nemi mutanen Inugu da Ibadan, ya ji kukansu. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin nata. Sashe na 14 kuwa ya ce a raba muƙamai yadda wata jiha ko ƙabila ba za ta mamaye ba, shi ya sa kowace jiha ke da minista. Masu cewa wannan rabo yana kashe cancanta suna da hujja a wasu wurare, amma ban yarda akwai jihar da ta rasa mutum ɗaya da ya cancanta ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne maganar ɗan asali. Kundin ya ɗaure zaman mutum ɗan jiha da asalin iyaye ko kakanni, sai takardar shaida daga ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin gurbin karatu, tallafin ɗalibai da aikin gwamnati. Bahaushen da aka haifi kakansa a Sabo ta Ibadan, a can yake biyan haraji, Yarabanci a bakinsa, amma ranar neman takarda sai a ce ya tafi jiharsu. Wace jiha? Garin da bai san kowa ba? Ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano ma haka yake sha a hannunmu, kuma wannan ɓangaren ne ba mu cika son a ambata ba. Jinin da aka zubar a Jos a 2001 da 2008 yana da alaƙa da wannan tambaya ta wane ne mai gari, wane ne baƙo.

Abin takaici, sashe na 15 ya riga ya umarci gwamnati ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a ko'ina, har ma ta ƙarfafa auratayya tsakanin ƙabilu. Sai dai yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiki da shi.

Ina kira ga 'yan majalisarmu su gyara wannan: duk wanda aka haifa a jiha, ko ya daɗe yana zaune yana biyan haraji, a ba shi haƙƙi daidai da kowa, kuma ya iya kai ƙara in an hana shi. Gyaran yana buƙatar amincewar majalisun jihohi 24, Arewa kuwa tana da 19. Kano da Kaduna su fara ɗaga hannu.