Tamfol ɗin kifi ya fara yoyo? Ki dakata hunturu ya wuce

Yau zancenmu da masu kiwon tarwaɗa a tsakar gida ne, waɗanda suka kafa kwamin tamfol a bayan ɗaki, daga Takur da Fagoji har Kiyawa da Birnin Kudu. Idan naki ya sha rana shekara biyu ko uku, ya fara tsatsafo da ruwa ta kusurwa, kin yi faci kin gaji, na san abin da ke ranki: a kira kafinta gobe a sa sabo. Ni dai shawarata ki dakata.

Tamfol roba ce, sanyi na sa ta ƙage. Da asubar watan Janairu a Dutse idan kika taɓa ta za ki ji ta kamar busasshiyar fata. Aka shimfiɗa sabuwa a wannan hali ba za ta kwanta a kusurwa ba, sai ta yi ninki, kuma daga ninkin nan tsagewa ke farawa. Ki tuna nauyin da za ta ɗauka. Kwami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin mita 1, yana cin lita 6,000, wato jarka 240 mai lita 25, nauyin tan shida. Wadda ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa ta san abin da ake nufi idan wannan ya malale a dare ɗaya.

Su ma kifin ba lokacinsu ba ne. Tarwaɗa ta fi sakewa idan zafin ruwa ya kai digiri 25 zuwa 30. Da ya sauka ƙasa da 20 sai ta rage ci, girma ya tsaya, abincin da kika zuba ya nutse ya ruɓe ya ɓata ruwan. 'Ya'yan kifi kuwa su suka fi jin jiki. To gaggawar me ake yi?

Ki kwashe waɗanda suka isa sayarwa, na banda a yi banda, sauran kuma a ci a gida. Sannan ki tsiyaye ruwan tas. Tas nake cewa, don a nan ne yawancinmu ke sakaci. Sai a bar ɗan ruwa iya idon sawu wai kada tamfol ɗin ya bushe, a manta da shi wata biyu. Yaron da ke koyon tafiya idan ya leƙa ya kife ciki da ka, ruwan da bai kai tsawon tafin hannu ba ya isa ya toshe masa numfashi, kuma ba ya ihu, kina kicin ba za ki ji komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa yara 'yan shekara 1 zuwa 4 a sahun gaba na masu mutuwa ta hanyar nutsewa. Ga sauro, wanda kwana goma ya ishe shi ya tashi daga ƙwai ya fara cizo. Idan naki kwamin rami aka haƙa, a kewaye shi ko a rufe da abin da yaro ba zai iya ɗagawa ba.

Ruwan kada ya tafi lambatu a banza, taki ne, ki ba zogale da alayyafo.

Da an cire tsohon tamfol, ki duba katakon da kanki, kada ki bar wa yara. Gara tana ci ta ciki ta bar waje sumul, sai kin ƙwanƙwasa ki ji. Ƙusar da ta leƙo a cire, ƙarfe mai tsatsa a kai wa mai walda. Ƙasarmu ta Dutse ba sai an faɗa ba, tsakuwa ce, don haka a share daɓen a baza rairayi mai laushi. Ki sa a auna kwamin yana fanko, a rubuta, kada a je kasuwa da “kamar wancan”. Tsohon kuma a wanke a ninke, zai yi shanyar hatsi. In kin sayi sabon da wuri, ki rataye shi inda ɓera ba zai kai ba.

Idan Maris ya shigo, hazo ya janye, a baza sabon a rana ya yi laushi, a shimfiɗa da hantsi. Ana zuba ruwa kaɗan-kaɗan ana jan kusurwoyi har ya kwanta. Ki bar ruwan farko ya kwana biyu zuwa uku, a zubar, a sake cikawa, ki lura ko ya ragu. Ban da omo ko sabulu. Daga nan sai ki aika a kawo 'ya'yan kifi, da sanyin safiya.