Bakin Abokin Tafiya Ba Ya Ɗaure Ka

Jama'a, yau a kan haɗakar mota zan yi magana. 'Yan kasuwa biyar sun yi karo-karo sun ɗauki tirela ɗaya, a hanya jami'ai suka zazzage kaya, sai ga katan-katan na taramol a ƙarƙashin buhunan mutum ɗaya. Duka biyar ɗin ake tasa ƙeyarsu kotu, a yi musu shari'a tare. Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

Inda ake cutar mutanenmu shi ne nan: mai kayan ya amsa laifi a gaban jami'ai, ya ƙara da cewa ai da sanin wane. A Najeriya, sashe na 29(4) na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu ɗaukar wannan furuci a matsayin hujja a kanka, sai idan kai ma ka amince da shi, da baki ko a aikace. Amma fa in ya shiga akwatin shaida ya rantse ya maimaita, maganar ta zama shaida, dole lauyanka ya tsare shi da tambayoyi.

Idan alƙali ya ɗaure ka da furucin wani kawai, kana da dalilin ɗaukaka ƙara. Sai dai alƙalan sama ba sa sake kiran shaidu, kundin shari'ar suke karantawa. Abin da ba a rubuta ba, tamkar ba a yi shi ba. Kuma in sun ga akwai wata hujjar da ta isa ta kama ka, hukuncin yana nan daram.

Shi ya sa kullum nake cewa kowa ya nemi lauyansa daban. Wanda ke kare mai kayan ba zai iya wanke ka ba tare da ya nutsar da shi ba. Ka nemi tafinta, haƙƙinka ne. Ka adana rasit da takardar lodin kayanka.

Ku kuma iyali, kada ku tsaya jiran Alhaji wane ya sa baki. Daga Babbar Kotun Najeriya kwana 90 ake bayarwa. A Kamaru kuwa kwana 10 ne kacal. Ranar da aka yanke hukunci, ranar za ku nemi lauya ya shigar da takarda.

Allah Ya tsare mu da sharrin hanya.