Wai Duk Mai Ido Ɗaya Dujal Ne?

Jama'a ku yi mini afuwa, yau na ajiye alƙalamin soyayya na ɗauko na faɗa, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, in ban amayar da ita ba kuwa ba zan samu sukunin wani rubutu ba.

Kwanakin baya na je gida Wurno, ta ƙasar Birnin Kudu nake nufi, ba ta Sakkwato ba. Bayan sallar isha'i na zauna a teburin mai shayi, daura da shagon masu tura finafinai a waya, sai na tarar samari sun yi da'ira, ɗan ƙanwata na tsakiya yana ta zuba kamar kanya. Fim ɗin Avengers suke kallo, ya tsayar da shi daidai fuskar Nick Fury, baƙin mutumin nan mai sanƙo da ke rufe ido ɗaya da baƙin ƙyalle. Yana ganina ya miƙo mini wayar, ya ce, "Kawu, kai da kake marubuci ai ka fi mu sani. Dubi idon nan. Dujal suke tallatawa, so suke mu saba da shi tun kafin ya bayyana."

Na ce, "To ɗan nan, me ya sami idon nasa?" Ya ce ai ba za su taɓa faɗa ba, sirrinsu ne. Alhali kuwa sun faɗa! A fim ɗin Captain Marvel na 2019 an nuna ƙiri-ƙiri wata halitta mai siffar kyanwa ce ta yakushe shi. Kyanwa, jama'a. A littattafan zane kuwa, inda aka fara ƙirƙiro shi a 1963, farin Bature ne, gurneti ne ya lalata masa ido a yaƙin duniya na biyu. Da na faɗa masa haka sai ya yi murmushi irin na wanda ya ji tausayinka, ya ce, "Ai Kawu dole su kawo wani dalili don su rufe."

Kada wani ya yi mini gurguwar fahimta. Ban musanta zuwan Dujal ba, Allah Ya tsare mu da fitinarsa. Haka kuma ban ce finafinan nan ba su da manufa ba. Ni da na shekara ashirin da ɗoriya ina ƙaga labari na san babu labarin da ba shi da inda ya dosa. Abin da nake faɗa da shi shi ne wannan salon fassara wanda babu hujjar da ke iya kayar da shi. In ka ga alamar, to ka gani. In ba ka gan ta ba, an ɓoye ta. In aka kawo maka bayani, bayanin ma yana cikin makircin. Mai irin wannan tunani bai taɓa faɗuwa a musu ba, kuma bai taɓa ƙaruwa da komai ba. Ga shi kuma abin ba ya tsayawa a cikin waya. Akwai dattijon da ƙyanda ta cinye wa ido tun yana goye, mutumin kirki mai sahun gaba, da kunnena na ji yara suna raɗa masa wannan suna idan ya wuce.

Na san zafin abin domin an gwada shi a kaina. A 2004 na buga wani ɗan littafi, a bangonsa aka zana mugun labarin, wani Alhaji mai auri-saki, da jar hula a kansa. Me ya sa ja? Kuɗina ne bai kai na launi huɗu ba, mai ɗab'i ya ce ja da baƙi kaɗai zai iya yi mini. Bayan 2011, da jar hula ta zama tambarin Kwankwasiyya, aka sake buga littafin da bangonsa na da. Wani bawan Allah ya tare ni a kasuwa a Kano, ya ce nawa aka biya ni in zagi jagoransu? Na buɗe masa shafin farko na nuna masa shekarar bugu. Ya duba, ya jinjina kai, ya ce, "Ashe ma an daɗe ana shiryawa." Wannan na dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne na 2007, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Lallai akwai masu ɓarna a cikinmu, ban ɓoye ba. Amma mutum nawa cikin masu tafi a lokacin suka karanta ko da littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe? An dai ce musu mu 'yan kwangilar Yahudawa ne, akwai ɓoyayyar manufa, shi ke nan aka yi mana kuɗin goro.

Mu koma teburin mai shayi, domin ɗan ƙanwar tawa bai gama ba. Daga Fury ya tsallaka kan Thanos, ƙaton nan na Infinity War ta 2018 da ya tara duwatsu shida ya ƙyasta yatsa rabin halitta suka zama toka. Wai Turawa ne suke sanar da mu shirinsu na rage yawan jama'a, ga korona ta biyo baya a 2020, ga allurai. A nan ne raina ya ɓaci da gaske. Na farko dai Thanos shi ne mugun fim ɗin, an kuma yi wani fim sukutum a 2019 don a warware ɓarnarsa a hallaka shi. Na biyu, mun taɓa ɗanɗana kuɗar irin wannan magana. A 2003 aka ce rigakafin shan inna na hana haihuwa, Kano ta dakatar da shi har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka wasu ƙasashe. Yaran da ta shanye wa ƙafafu a lokacin yau magidanta ne, muna ganin su a kan kekunan guragu. Sai a 2020 aka tabbatar an raba Afirka da asalin ƙwayar cutar.

Za ka ce ai zarginmu yana da tushe. Ƙwarai kuwa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, 11 suka rasu, har a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. To amma wa ya tono wannan? Mai tsayar da fim yana ƙirga ido? 'Yan jarida ne da lauyoyi da iyayen yara, da takardu da sunaye da ranaku.

Abin takaicin ma, manufar da ke cikin finafinan nan a fili take kamar rana, masu haƙon sirri ne suke tsallake ta. Tun fitowar Captain America ta farko a 1941, a bangon littafin an zana shi sanye da tutar Amurka yana naushin Hitila. Iron Man na 2008 a Afganistan ya fara, miyagunsa masu rawani da gemu, sojan saman Amurka kuma su suka ba da aron sansani da jirage aka ɗauki fim ɗin. Ba a ɓoye ba, godiya ma ake yi musu a rubutun ƙarshe, wanda mu ba ma tsayawa karantawa. Black Panther na 2018 fa, wanda muka yi ta murna wai namu ne? Faɗan farko a dajin Sambisa aka ce ana yin sa, ga mata cikin lulluɓi an sato su a mota, ga ɗan bindiga yana rantsuwa da wallahi. Da duniya ta tashi nuna arewacin ƙasar nan a fim mafi tashe na shekarar, abin da ta nuna ke nan. Sannan amintaccen Baturen da ke taimakon mutanen Wakanda ma'aikacin CIA ne, hukumar da majalisar dattawan Amurka da kanta ta tabbatar a 1975 cewa ta ƙulla makircin kashe Patrice Lumumba na Kwango. Ga abin muhawara har asuba, amma ko mutum ɗaya a teburin nan bai taɓo shi ba, domin ba ya sa a ce da kai mai gani har hanji.

Ɓoyayyun alamomin kuwa akwai su, da gangan ake dasa su: ɗan tambari a bango, wata fuska da za ta gifta, guntun labari bayan an gama rubutun ƙarshe. Don me? Don ka yi musu da abokinka, ka sake kallo, ka ƙagu na gaba ya fito. Mu ma haka muke yi, mu katse littafi na ɗaya daidai inda amarya ta suma, mu ce a nemi na biyu. Kamfanin Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan dala biliyan 4, Endgame kaɗai ya tara kusan biliyan 2.8. Ɗan ƙanwata yana zaton asirinsu yake tonawa, alhali talla yake yi musu, ko ladan ganin ido ba a ba shi.

Da zan tashi na ce masa, tunda fassarar alama yake so, ga zanen shanu can a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, na mutanen da suka riga kakanninmu zama a ƙasar nan, masana na ta nazarinsa tun shekarun 1950. Ya taɓa zuwa ya gani? Ya ce a'a, ai an ce wurin akwai iskokai. Na ce ya shirya ranar Asabar, kuɗin mashin ni zan biya.