Jami'ar da Ta Ba Mawaƙi Digiri, Me Ya Hana Ta Ba Shi Dandamali?

A shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta. Tun kafin nan, a 1975, Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a cikin al'ummarsa. Daga wancan lokaci zuwa yau, kundayen da ɗalibai suka rubuta a kan Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos sun cika kantocin sassan nazarin Hausa. Saboda haka babu mai cewa jami'o'inmu sun raina waƙa.

Amma bari in yi wa mai karatu tambaya. Yaushe rabonka da ka sayi tikiti, ka shiga zauren wata jami'a da yamma, ka zauna ka saurari mawaƙi da makaɗansa tun daga buɗewa har rufewa? Akasarinmu ba mu taɓa yi ba. Mukan ga mawaƙi a jami'a ranar Makon Hausa ko bikin yaye ɗalibai, a ba shi 'yan mintoci tsakanin jawabin babban baƙo da rabon abinci. Ra'ayina shi ne jami'ar da ke koyar da waƙa a takarda amma ba ta da dandamalin da ake yin ta a kai a kai, rabin aikinta ta yi. Kuma asarar ba ta tsaya kan ɗalibai ba, ta shafi mawaƙan da garin da jami'ar take ciki.

Zaure ɗaya, ayyuka biyu

Misalin da ya fi fito da abin da nake nufi yana garin Ann Arbor, mazaunin Jami'ar Michigan a Amurka. A can akwai wani zaure mai suna Hill, wanda aka buɗe a 1913. Wani tsohon ɗan majalisar gudanarwar jami'ar, Arthur Hill, shi ya bar wasiyyar dala 200,000 don a gina shi. Albert Kahn, wanda ya yi suna wajen zana masana'antun mota na Detroit, shi ya zana ginin, kuma aka tsara cikinsa ta yadda murya daga dandamali za ta kai kujerar ƙarshe a bene na sama, a zamanin da ba a fara sa lasifika a zauruka ba. A yau yana ɗaukar mutum kusan 3,500.

A wannan zaure Martin Luther King ya yi jawabi a watan Nuwamban 1962. A kan dandamalin nan dai Leonard Bernstein ya jagoranci shahararriyar ƙungiyar makaɗa ta birnin Vienna a 1988, shekarar da Zariya ta karrama Shata. Tsakanin irin waɗannan manyan ranaku kuwa, ƙungiyoyin kiɗa na ɗalibai ne ke hawa, da masu lacca, da taron yaye ɗalibai na tsangayoyi.

Abin da ya raya zauren fiye da shekara ɗari shi ne wata ƙungiya da ta girme shi. A 1879 wasu mutanen gari da na jami'a suka haɗu don su rera wata doguwar waƙar coci ta Handel, daga nan aka samu ƙungiyar da ake kira UMS. Tana da alaƙa da jami'a, amma tana da nata shugabanci da nata asusu, tana samun kuɗi daga tikiti da gudummawar masu hannu da shuni. Takan fitar da jadawalin shekara tun watanni kafin a fara, mutum ya sayi kujerarsa ta zango guda gaba ɗaya, ɗalibi kuma a sayar masa da rangwame. Gwamnatin Amurka ta ba ƙungiyar lambar yabo ta ƙasa a kan fasaha ta shekarar 2014.

Jami'ar Harvard ta ƙara wani mataki. Tana da wata kujerar farfesa ta waƙa mai suna Norton, wadda aka kafa a 1925, kuma ba ta taƙaita ta ga marubuta ba. Igor Stravinsky ya hau ta. Bernstein ya hau ta a 1973, ya yi laccoci shida yana zaune gaban fiyano, yana gwada nahawun kiɗa da ra'ayin Chomsky game da harshe. A 2014 makaɗin jaz Herbie Hancock ya yi nasa laccocin a zauren Sanders, inda Churchill ya yi jawabi a 1943, inda kuma Michael Sandel ya daɗe yana koyar da darasinsa a kan adalci ga ɗaruruwan ɗalibai. Ma'anar wannan tsari a fili take: makaɗi ma mai ilimi ne, kuma akwai abin da zai koyar wanda farfesa ba zai iya ba.

Abin da takarda ba ta iya ɗauka

Wannan magana ta fi ƙarfi a kan waƙar Hausa fiye da yadda take a kan kiɗan Turawa. Su suna da hanyar rubuta kiɗa wadda wani zai karanta bayan shekara ɗari biyu ya kaɗa. Mu kuwa ko rubutunmu na boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana a cikinsa, kuma a kan wannan hawa da sauka ne mawaƙi yake gina raujinsa. Idan ɗalibi ya kwafe waƙa daga kaset zuwa kundi, kalmomi kawai ya kwaso. Ya bar rauji, ya bar inda jagora ke yankewa 'yan amshi su karɓe, ya bar inda kiɗa ke sassautawa don a ji habaici da kyau.

Ɗauki kalangu. Makaɗi na saƙale da shi a hammata, yana matsa tsarkiyoyinsa fata ta ɗame sauti ya hau, ya saki ya sauka. Da haka gangar ke kwaikwayon karin maganar Hausa har ta faɗi taken mutum, wanda ya sani ya ji sunansa ba tare da an buɗe baki ba. Malamin ilimin harsuna zai iya yin awa biyu a kan allo yana bayanin karin sauti. Makaɗin kalangu zai nuna shi a minti biyar, kuma wanda ya gani ba zai manta ba. Yanzu ka ƙaddara an haɗa su biyun a dandamali ɗaya, malami ya yi bayani, makaɗi ya kaɗa, jama'a su yi tambaya, sannan a ba da sauran daren ga waƙa. Haka za a yi da kotson makaɗan fada, da kuntigi irin na Ɗanmaraya, da ƙwaryar amada irin ta Barmani Coge. Gani ya kori ji.

Lokaci kuma ba ya jira. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Mawaƙan da suka biyo baya yawancinsu a situdiyo suka tashi, da fiyano da kwamfuta. Wasunsu haziƙai ne ƙwarai wajen sarrafa harshe, amma a wurin biki sau da yawa faifai ake sawa, mawaƙi ya riƙe makirufo yana bin muryarsa da aka riga aka naɗa. Ƙwarewar tsayawa gaban jama'a da makaɗa masu rai, a ƙirƙiri ɗiya nan take, sana'a ce da ke mutuwa idan babu inda ake yin ta.

Liƙi da tikiti

Akwai wani dalili da ya fi wannan nauyi, shi ne na wanda ke biyan mawaƙi. A al'adarmu mawaƙi yana da ubangida. Da sarki ne ko attajiri, yau kuma ɗan siyasa ne ko mai biki. Wannan tsari ya haifar da manyan waƙoƙi, kuma babu mai musun haka. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mawaƙin da abincinsa ke hannun mutum ɗaya, abin da mutumin ke so zai faɗa. Muna yawan kukan cewa waƙoƙin yanzu ba su wuce yabon 'yan takara da zagin abokan hamayyarsu ba, sai soyayya. Ba ma tambayar kanmu wa ke biyan kuɗin wata irin waƙa daban.

Tikiti yana raba nauyin ubangida ɗaya a kan mutum ɗari biyar. Kowa ya ba da kaɗan tun daga ƙofa, babu wanda ya ba da abin da zai sa a katse waƙa a kira sunan kakansa. Mawaƙin da ya san an riga an biya shi zai iya kawo doguwar waƙa a kan tsadar rayuwa, ko ƙaurar manoma, ko tarihin garinsu, ya kai ta ƙarshe. Ɗanmaraya ya nuna cewa akwai masu sauraron irin wannan, domin waƙarsa ta karen mota a kan talaka mai neman na abinci ya yi ta, kuma ta zaga ƙasar Hausa. Jami'a ce ta fi dacewa ta buɗe wannan ƙofa, don ita ce wurin da aka yarda tun asali cewa mutum zai tsaya ya faɗi abin da mai mulki ba ya son ji, a saurare shi, a mayar masa da hujja.

Garin ma zai amfana. Jami'o'inmu katanga ce ta kewaye su, kuma mai shago a Samaru ko Kabuga zai iya shekara ashirin bai shiga ba sai in ɗansa ne ke karatu. Laccar da sabon farfesa ke gabatarwa a buɗe take ga kowa, amma abokan aikinsa da danginsa ne ke cika kujerun. Wanda kiɗa ya shigo da shi zaure yau, ya ga sanarwar laccar mako mai zuwa a kan cutar koda ko rikicin filaye, ya riga ya san hanya, ya san ba za a kore shi a ƙofa ba.

Masu ja da wannan magana

Na farko zai ce kuɗi. Jami'ar da malamanta suka yi yajin aikin wata takwas a 2022, wadda ɗakunan gwajinta ba su da kayan aiki, ina ita ina kiɗa? Tambayar tana da nauyi. Amsar ita ce ba gini ake nema ba. Zaurukan lacca da na taro suna nan, yawancinsu a rufe daga magariba. Abin da ake buƙata shi ne na'urar sauti mai kyau, da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar waƙa ba, da mutum ɗaya wanda aikinsa ke nan. Darasin Ann Arbor shi ne kada a ɗora nauyin a kan baitulmalin jami'a. A kafa ƙungiya mai asusunta, wadda ba za ta mutu ba idan an sauya shugaban jami'a.

Na biyu zai ce addini. Saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne, kuma ba a wannan shafi za a warware shi ba. Amma yawancin abin da ke damun iyaye game da wuraren kiɗa, wato shaye-shaye da kwana a waje da rashin tsari, zaure mai kujeru da lokacin tashi yana maganinsa. Ban da haka, ba kowane dare ne zai zama na ganga ba. Rubutacciyar waƙa don rerawa aka yi ta. Haka Nana Asma'u ta isar da ilimi ga mata, haka aka san Imfiraji ta Aliyu Namangi, a bakin masu rerawa. Daren rera waƙoƙin Sa'adu Zungur ko Aƙilu Aliyu, tare da sharhin masani, zai cika zaure ba tare da an taɓa kalangu ba.

Na uku shi ne wanda na fi ɗauka da muhimmanci. Zai ce zama shiru a jere kamar a coci ba ɗabi'ar kiɗanmu ba ce, kiɗanmu da guɗa da kirari da tashi a taka yake tafiya. Gaskiya ne, kuma bai kamata a kwaikwayi shirun Turawa ba. Zariya ta riga ta gwada amsa wannan. A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Michael Etherton ke jagorantar koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, wani malamin zanen gini Ba'amurke, Steven Ehrlich, ya zana musu dandalin wasa da aka gina da ƙasa, bisa fasalin gidan Bahaushe, fili a tsakiya da ɗakuna kewaye. Mai wasa da mai kallo kusa suke da juna. Ana iya barin guɗa da amshi su yi yadda suka saba, a ajiye liƙi zuwa ƙarshen zama ga mai niyya.

Inda za a fara

Zango ɗaya ya isa gwaji. Dare shida, a sanar da ranakun tun farko kuma a cika alkawari. Biyu na makaɗan gargajiya tare da masani, ɗaya na mawaƙin zamani da sharaɗin ya zo da makaɗa masu rai, ɗaya na rera rubutacciyar waƙa, biyu na lacca da Hausa a kan abin da ya dami gari. A fara bayan la'asar ko bayan isha, a tashi a kan lokaci. A rubuta yarjejeniya da mawaƙi, a biya shi kafin ya hau, a naɗi komai a ajiye a laburare da izininsa.

Kuɗin kuwa a hannun masu karanta wannan wasiƙa yake. Likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da ma'aikatan banki da suka fito daga waɗannan jami'o'i, kowannenmu ya san abin da ya liƙa a bikin ƙarshe da ya halarta. Mutum ɗari biyu su yarda su biya kuɗin kujerar zango tun kafin a buɗe ƙofa, sannan su je wa shugaban tsangaya da jadawali a hannu su nemi makullin zaure.