ZAUREN MATAFIYA: Miji Na Bronx, Mata Na Zango

A wannan wata za mu taɓo maganar da take hana matan zango da yawa barci, watau ganawar nan da akan yi da mace a ofishin jakadancin Amurka idan mijinta da ke can ya nemi a ba ta izinin ta je ta same shi. Daga Nima da Mamobi a Accra har zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, da wuya ka bi layi guda ba ka sami gidan da maigida yake Bronx a birnin Niyok, matarsa kuwa tana nan tana jiran takarda ba. Wasu shekara biyu rabonsu da ganin juna, wasu biyar. Tambayar da takan fito daga bakin kowace ita ce: tun da ba mu zauna tare ba sai 'yan makonni, yaya za a yi su yarda cewa aurenmu na gaskiya ne?

To, da farko dai a kwantar da hankali. Zaman nesa da juna ba laifi ba ne a dokar Amurka, kuma jami'in da zai yi ganawar ya san da haka, domin da kuna tare ai da ba a zo neman biza ba. Abin da kotunansu suka tsayar tun a shari'ar da ake kira Bark a 1975 shi ne, a duba ko ranar da aka yi auren mutanen biyu suna da niyyar gina rayuwa tare. Sai dai niyya abu ne na zuci, jami'i kuwa ba ya ganin zuci, takarda yake gani. A nan ne matsalarmu take, saboda yadda muke aure a zango aure ne mai nauyi a wurin Allah da wurin jama'a, amma ba ya barin sawu a kan takarda. Shaidu ɗari sun ci goro, sun shafa fatiha, amma ba ko ɗaya daga cikinsu da zai tsaya tare da ke a gaban tagar nan.

Mu fara da ɗaurin auren kansa. Sau da yawa ango yana Amurka zai aiko da sadaki, wakilinsa ya karɓa masa aure daga hannun waliyyi a masallaci, a watse. A addini aure ya ɗauru, babu ja. Amma dokar shige da fice ta Amurka ta ce auren da aka ɗaura ba tare da ango da amarya suna wuri ɗaya ba, ba a lissafa shi aure sai idan sun sadu a matsayin miji da mata bayan ɗaurin. A lura da kalmar bayan. Ko da sun san juna shekara goma kafin nan, wannan bai shiga lissafi ba. Saboda haka wanda aka ɗaura wa aure yana can, wajibi ne ya zo gida, ko su haɗu a wata ƙasa, kafin ya cika fom ɗin nan mai lamba I-130 wanda da shi ake buɗe maganar. Sa'an nan ya adana shaidar zuwansa: hatimin shiga da fita a fasfo, tikitin jirgi, da hotunan da suka ɗauka su biyu tare da dangi. Mun ce su biyu, domin hotunan bikinmu galibi amarya ce da ƙawayenta da gwaggwanninta cikin anko, ango kuwa ko inuwarsa babu.

Bayan haka sai rajista. Dokar auren Musulmi ta Ghana, wadda aka kafa tun 1907, ta ce a cikin mako guda da ɗaurin aure ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limami mai lasisin gwamnati su je wurin magatakarda a rubuta auren. Mu faɗi gaskiya, mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa yin wannan? Wanda mako ya wuce masa ba a rufe masa ƙofa ba, amma sai ya bi ta babbar kotu ya nemi izini. Wasu kuma sukan zaɓi su je su yi auren kotu daga baya. Mai yin haka ya sani cewa auren kotu na mace ɗaya ne, kuma daga ranar yana da kwanan wata biyu, na masallaci da na kotu. Idan an tambaye ki yaushe aka yi aurenku, ki faɗi duka biyun, ki bayyana wanne ne wanne. Abin da ba mu yarda da shi ba ko kaɗan shi ne zuwa wurin dillalan biza su buga takarda su mai da kwanan wata baya. Ofishin jakadanci yana da masu bincike, kuma wanda aka kama ya yi ƙarya da gangan don samun biza akan haramta masa shiga har abada, sai fa in ya sami afuwa ta musamman, wadda samunta ba wasa ba ne.

Yanzu ga maganar da ba a son yi a fili, amma dole mu yi ta. Amurka ba ta san aure fiye da ɗaya ba. Idan mutum yana da uwargida sa'an nan ya ƙara ta biyu, a wurinsu ta farkon ce kaɗai matarsa, ta biyun ba ta da hanyar biza ta wannan aure. Idan kuwa ya rabu da ta farko, sai an ga takardar rabuwar, kuma rabuwar ta riga sabon auren. Sakin baki a tsakar gida, ko 'yar wasiƙar da aka ba yaro ya kai, ba za su wadatar ba. Haka ita ma matar, in bazawara ce sai ta kawo takardar mutuwar aurenta na farko ko ta rasuwar mijin. Akwai kuma 'yan'uwanmu da suka sami koren kati, watau izinin zama na dindindin, ta hanyar auren Ba'amurkiya, daga baya suka rabu, yanzu suna so su ɗauko ta gida. Doka ta ce mai koren kati irin wannan sai ya cika shekara 5 da samunsa kafin a amince masa ya nemi wata matar, sai dai in ya kawo hujja ƙwaƙƙwara cewa auren farkon na gaskiya ne, ko kuwa mutuwa ce ta raba. Jami'i zai jera ranakun haihuwar 'ya'yan da aka haifa a gida kusa da ranakun wancan aure ya duba. Idan lissafin ya nuna matar gida tana nan da aurenta duk tsawon lokacin, to ba bizarta kaɗai ke cikin haɗari ba, har takardun shi maigidan. Dokar 1986 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai dala 250,000 ga mai auren bogi don takarda. Duk wanda ya san labarinsa yana da irin wannan ƙulli, ya ga lauyan shige da fice mai lasisi a can kafin ya sa hannu a kowane fom. Kuɗin lauya ya fi arha.

Sai maganar kuɗin cefane. Maigida yana aikowa duk wata, ba ya fashi, amma ta hannun wa? Ta hannun abokinsa mai zuwa gida, ko ta wurin ɗan kasuwar da zai karɓi dala a can ya ba da sidi a nan, ko kuma ya aika wa mahaifiyarsa ko wansa su raba. Wannan ladabi ne mai kyau, ba mu ce a bari ba. Amma ranar ganawa matar ba ta da rasit ko guda mai sunanta. Shawararmu ita ce ya riƙa aika nata kason da sunanta, ta banki ko ta kamfanin aika kuɗi ko ta asusun wayarta, ita kuma ta riƙa ajiye shaidar. Haka batun waya. Yawancinmu saƙon murya muke yi a WhatsApp, in waya ta faɗi ko aka sace shi ke nan, shekara uku ta tafi. A riƙa ɗaukar hoton jerin kiran lokaci lokaci ana bugawa a takarda, kaɗan daga kowane wata. Shafi ashirin da suka ratsa shekara uku sun fi shafi ɗari biyu da aka tara a mako biyun ƙarshe. Tun ran gini ran zane.

Sauran takardun sanannu ne, kuma wasiƙar kiran ganawa takan lissafa su: fasfo, takardar haihuwa, shaidar 'yan sanda, gwajin lafiya a wurin likitan da ofishin ya amince da shi kaɗai, da fom ɗin I-864 inda maigida yake ɗaukar nauyinki, wanda a ƙa'ida sai samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatinsu, in bai kai ba ya nemi wanda zai tsaya masa. A tafi da na asali, ba kwafi kaɗai ba.

Ranar ganawa ke kaɗai za ki tsaya, 'yar'uwa. Za a ɗauki zanen yatsunki, ki yi rantsuwa, sa'an nan a fara tambaya, kuma galibi ba ta daɗewa. A nan ne tarbiyyarmu takan zame mana cikas. An koya mana mace ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce maigida ko Alhaji ko baban wane. An koya mana sunkuyar da kai a gaban babba. Jami'in da bai san zango ba, in ya ga mace ta yi shiru ta dubi ƙasa da aka tambaye ta sunan mijinta, me zai zata? Ki aje kunya a bakin ƙofa, in kin fito kya ɗauka. Ki san cikakken sunansa yadda yake a fasfo, domin wanda duk unguwa ta sani da Ɗanjuma ko Babangida wataƙila sunan da ke takardarsa dabam ne. Ki san ranar haihuwarsa ta takarda, da aikin da yake yi, da unguwar da yake zaune da wanda suke zaune tare, da ko ya taɓa aure, da 'ya'yansa duka har waɗanda ba ke kika haifa ba. Wannan kuwa nauyi ne a kan maza. Da yawa ba sa gaya wa matansu aikin da suke yi a can, wai don kada a raina su. Mai tuƙin tasi ya ce tasi yake tuƙawa, mai gadi ya ce gadi yake yi. Ya kuma aiko mata da kwafin duk abin da ya cika, ta karanta ko a karanta mata, har da fom ɗin DS-260 da aka cika da sunanta, domin a kansa za a yi mata tambaya.

Idan an tambaye ki yadda kuka haɗu, kuma iyaye ne suka haɗa, ki ce iyaye ne suka haɗa. Auren haɗi da auren zumunci ba baƙon abu ba ne a wurinsu, kada wani ya tsara miki labarin soyayya irin na fim ki haddace. Wanda ya haddace labari, tambaya ɗaya ta gefe takan watsa shi. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, abin da ba ki ji ba ki nemi a maimaita. In aka miƙo miki takarda mai lamba 221(g), kada ki fasa kuka a wurin. Sau da yawa ma'anarta akwai abin da ya rage a kawo ko kuwa za su ƙara bincike, kuma kina da shekara guda ki kai abin da aka nema.

Akwai kuma waɗanda su biyun suna Amurka amma aiki ya raba su, alal misali shi yana Bronx ita tana aikin kula da tsofaffi a wata jiha, tana kwana a gidan da take aiki. Su tasu ganawar a ofishin hukumar USCIS ake yi, tare ake kiransu, in an yi shakka a raba su ɗaki dabam dabam a yi musu tambayoyi iri ɗaya a gwada amsoshin. Tun a 1980, a shari'ar McKee, hukumar ɗaukaka ƙara ta shige da fice ta ce rabuwar wurin zama ita kaɗai ba ta isa a ƙi takarda ba muddin auren na gaskiya ne tun farko kuma ba a raba shi a shari'a ba. Kuskuren da akan yi shi ne rubuta adireshi ɗaya don a burge, alhali takardar albashi da lasisin tuƙi suna faɗin wani abu dabam, kuma jami'ai sukan kai ziyara gida ba sanarwa. A rubuta adireshi biyun, a kawo wasiƙar wurin aiki, da tikitin motar da ake zuwa ganin juna, da asusun banki na tare, a kuma faɗi lokacin da ake shirin komawa wuri ɗaya. In auren bai cika shekara 2 ba ranar da aka ba da izinin zama, katin na wucin gadi ne na shekara 2, kuma a cikin kwana 90 na ƙarshensa sai an sake kai shaida da fom I-751. Saboda haka jakar takardun nan ba a jefar da ita bayan an sauka daga jirgi.

Dole mu ambaci halin da ƙofar take ciki. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan wasu ƙasashe shiga, har da Chadi, a Disamban shekarar ta ƙara da Nijar da Mali da Burkina Faso, sa'an nan a Janairun 2026 ta sanar da dakatar da ba da bizar zama ga 'yan ƙasashe 75, Ghana da Nijeriya da Kamaru suna ciki. Irin waɗannan umarni sukan canja, don haka kafin a biya kuɗin gwajin lafiya ko na shaidar 'yan sanda, waɗanda dukansu suna da wa'adi, a duba sanarwar ofishin jakadancin da kansa, ba jita-jitar tashar mota ba. Amma rajistar aure, da rasit, da zuwan maigida gida, waɗannan ba sa lalacewa, kuma wanda aka kira ganawa ya je, kada ya ƙi zuwa.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun 'ya'ya, musamman waɗanda ba a yi musu rajistar haihuwa ba sai da suka girma.