Masu tace shirye-shiryen talabijin na cikin matsi a Amurka

A watan Mayun 2019, masu kallon shirin nan na Game of Thrones sun hango kofin gahawa irin na zamani a kan teburi, a cikin labarin da aka gina kan zamanin sarakuna da takubba.

Cikin 'yan kwanaki tashar HBO ta goge kofin da kwamfuta, amma lamarin ya ja hankalin jama'a ga wani aiki da ba a cika ganin masu yinsa ba.

Da zarar an kammala ɗaukar shiri, ragamarsa kan koma hannun furodusan da ke kula da tacewa. Shi ne ke tsara lokaci da kuɗi, ya haɗa kan masu yanka hoto, da masu gyaran sauti da launi, da masu kiɗa, da masu ƙirƙirar hotuna da kwamfuta, har ya miƙa shirin ga tasha.

Matsalar ita ce aikinsa ne na ƙarshe. Idan an yi jinkiri wajen rubutu ko ɗauka, ba kasafai ake ɗage ranar nuna shirin ba, sai dai a zaftare kwanakin tacewa. Haka nan idan kuɗi suka ƙare a baya, a nan ake tsuke bakin aljihu.

Gasar da aka shiga tsakanin Netflix da Disney da sauran kamfanonin da ke nuna shirye-shirye ta intanet ta ƙara nauyin, domin ana bukatar shirin talabijin ya yi kyau kamar fim ɗin silima, amma cikin ƙanƙanen lokaci.

A watan Oktoban 2021, 'yan ƙungiyar ƙwadago ta IATSE, wadda ta ƙunshi masu tacewa, sun amince da gagarumin rinjaye a tafi yajin aiki saboda tsawon sa'o'in aiki da ƙarancin hutu, ko da yake an sasanta kafin a fara.

A watan Satumban 2023 kuma, masu ƙirƙirar hotuna na kamfanin Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar, ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba.

Sai dai a wannan shekarar ce marubuta suka yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa kuma na kwana 118. Masu tacewa ba su shiga yajin ba, amma da ɗauka ta tsaya, su ma suka rasa abin da za su tace.

A watan Fabrairun 2025, kamfanin Technicolor, wanda asalinsa ke komawa ga 1915, ya durƙushe, dubban ma'aikata suka rasa aikinsu a ƙasashe da dama, ciki har da Amurka da Birtaniya da Indiya.

Yanzu hankali ya koma kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ke iya share kuskure a hoto ko gyara murya cikin sauri. Yarjejeniyar da IATSE ta cimma da kamfanonin a 2024 ta tanadi wasu sharuɗɗa kan amfani da ita.

Abin jira a gani shi ne ko saurin da na'urar ta kawo zai sama wa ma'aikata hutu, ko kuwa kamfanoni za su fake da shi su ƙara rage kwanaki da yawan masu aikin.