AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI: BA LINUX KE DAFA MANA KWAMFUTA BA

Jama'a, bari in faɗi wata magana, wanda ta yi wa zafi ya yi haƙuri.

Makon jiya wani abokin aikina da ke zirga-zirga tsakanin Wurno da Rabah ya kira ni rai a ɓace. Laftof ɗin da na sa masa Linux Mint ta ɗauke yana tsakar shigar da bayanan ma'aikata, fanka na kuka kamar injin niƙa. Ya kai wa mai gyara, shi kuwa ko murfi bai buɗe ba ya yanke hukunci: wai Linux ce, a goge a mayar da Windows. Saura ƙiris aikin wata uku ya salwanta.

Na ce a kawo min. Muka kwance. Wallahi abin da muka ciro a bakin fanka sai ka ce audugar katifa. Muka share da buroshi, muka sauya man da ake shafa wa furosesa, shi ke nan ta koma lafiya lau.

To ina laifin Linux a nan? Ƙurar hunturu ta yi wata uku tana shiga na'ura, sai Afrilu ya zo zafi ya haura digiri 40, ga mutum ya ɗora ta kan katifa ko darduma ya toshe mata hanyar iska. Ko Windows ce a ciki sai ta galabaita. A yawancin laftof ma, ba manhajar da ka sa ke juya fanka ba, tsarin cikin na'urar ne da kansa. Furosesa kuwa in ya doshi digiri 100 rage gudu yake, in abin ya ƙi ya kashe kansa don kar ya ƙone.

Ban ce Linux ba ta da nata ba. Wani lokaci, musamman a na'ura mai katin Nvidia, takan ƙara zafi in ba a sa direban da ya dace ba. Amma ai aunawa ake yi. Ka sa lm-sensors ka rubuta sensors, za ka ga zafin da idonka. Ka buɗe htop ka ga manhajar da ke cin ƙarfin na'ura. Ka sa TLP ta daidaita wuta. Duk kyauta ne.

Ga inda abin ke damuna. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta janye tallafin da ta saba ba Windows 10, kuma da yawan laftof ɗinmu na gwanjo ba su cika sharaɗin Windows 11 ba. Kenan mai gyaran da ke goge Linux yana mayar da kai kan tsohuwar manhaja, galibi ta sata, kai kuma bayanan albashin mutane ke ciki!

Mu ma'aikata mun iya rubuta takardar neman sabuwar kwamfuta, amma wa ya taɓa ganin an ware kuɗin share ƙura? Don me ma'aikaci zai taso daga Goronyo har Sakkwato saboda aikin rabin awa? A koya wa mutum ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a riƙa sharewa da zarar hunturu ya wuce.

Masu gyara, don Allah ku riƙa buɗe murfi kafin ku goge wa mutane aiki. Allah Ya sa mu gane.